Ba Kowane Kifi Ke Zama da Ɗan'uwansa Ba

Bahaushe ya daɗe da sanin kifi, sai dai mafi yawan saninsa da shi a bakin kogi ne da kasuwa da kuma tukunya. Ya san tarwaɗa da karfasa da kurungu da giwan ruwa. Ya san tsage da kaifin haƙoransa, ya san minjirya da girgizarta, ya kuma san gaiwa wadda kan shige cikin laka ta lafe har ruwa ya dawo. Tun a shekarar 1934 aka fara bikin kamun kifi na Argungu, inda gwanin da ya fito da mafi girma shi ke tashi da kyauta. A duk waɗannan, kifi abinci ne ko dukiya. Ajiye shi a cikin ɗaki domin kallo kawai baƙon al'amari ne a wurinmu, ko da yake tsoho ne a wasu ƙasashe. Mutanen Sin sun fi shekara dubu suna kiwon kifin zinariya don ado. A Ingila kuwa, a shekarar 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na farko a gidan namun daji na Landan, daga nan ne akwatin gilashi ya fara shiga gidajen mutane. A yau ana ganinsa a ofisoshi da otal-otal da wasu gidaje na biranenmu, kuma a ta nan ne ya shiga rayuwar wani malamin firamare a birnin Kano.

Shi dai wannan malami bai taɓa tunanin kiwon kifi ba. 'Yar autarsa ce, yarinya mai shekara tara, ta ga irin wannan akwati a ɗakin jira na wani asibiti, ta dawo gida ba ta da zance sai nasa. Da ya ga abin ya kama ranta, sai ya yi mata alkawarin cewa idan ta zo ta ɗaya a jarrabawar ƙarshen zango zai saya mata. Yarinya ta dage, ta kuwa zo ta ɗaya. Alkawari kaya ne, in ji masu iya magana, don haka ranar Asabar ta farko a cikin hutu ya riƙe hannunta suka nufi wani shago da ake sayar da kifin ado.

Abin da suka tarar ya isa ya ruɗa babba, balle yaro. Ga kifin zinariya yana sheƙi, ga wani ja wur mai wutsiya kamar mayafi an ware shi shi kaɗai a cikin kwalba, ga wasu ƙanana masu ratsin shuɗi da ja suna yawo a ayari, ga wasu masu baƙin zane suna ta tsere. Yarinya ta riƙa nuni tana cewa, “Baba, wannan nake so, da wannan, da wancan.” Saurayin da ke tsaron shagon ya ɗauko 'yar komarsa ya ce, “Malam, duk wanda ta nuna sai in kama muku. Ai kifi kifi ne, ruwa ɗaya suke sha.”

Wannan magana ce ta sa malamin ya dakata. Ya tuna da abin da ya faru a gidan wani maƙwabcinsa, inda yaro ya samo ɗan tarwaɗa wanda bai fi tsawon yatsa ba, ya jefa shi cikin akwatin kifin mahaifinsa domin ya ƙara musu yawa. Kullum aka wayi gari sai a ga kifi ɗaya ya ɓace, har aka fara zargin mage. Kafin wata biyu babu kowa a akwatin sai tarwaɗar, ta yi ɓul-ɓul. An dai ba kura ajiyar nama. Saboda haka malamin ya sayi akwati da matata da na'urar hura iska da yashi, ya ce kifi sai wani zuwan. Yarinya ta yi kuka a hanya, tana ganin an karya mata alkawari. Ya ce mata, “Uwata, wanda zai yi baƙi shi kan fara share ɗaki. Bari mu gyara musu masauki, mu kuma san su wane ne kafin mu gayyato su.”

Wanda ya fara tuntuɓa wani dattijo ne mai sayar da bandar kifi, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana su a kogin Kwara. Da ya kwashe labari ya faɗa masa, sai tsohon ya yi dariya ya ce, “Malam, kogi gari ne, kuma gari da unguwanni. Akwai na sama, akwai na tsakiya, akwai mai kwana a laka. Akwai mai fita da rana, akwai ɓarawon dare. A kogi, in babba ya taso ƙarami sai ya gudu ya ɓuya. To, a wannan akwati naka ina zai gudu?” Malamin ya ce, “Gaskiya ne, Baba.” Ya tafi yana juya maganar a ransa, domin kuwa ta tattara dukkan matsalar a wuri ɗaya. Akwatin gilashi gari ne marar ƙofa, wanda aka saka a ciki ba shi da zaɓin maƙwabci, kuma ba shi da bakin kai ƙara.

Daga nan ya nemi wata abokiyar aikinsa mai koyar da kimiyya, wadda ta daɗe tana ajiye kifi a gidanta. Ita ce ta ba shi littattafai, ta kuma ce masa kada ya sayi kowane kifi sai ya yi masa tambayoyi biyar, ya sami amsarsu.

Tambaya ta farko ita ce, wane irin ruwa kifin ya saba da shi? Kifin ado daga sassa daban-daban na duniya ake tattaro su, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Kifin zinariya na ruwan sanyi ne, ya fi walwala idan ɗumin ruwa yana wajen digiri 18 zuwa 23 a ma'aunin Salshiyas. Mafi yawan sauran kuwa 'yan ƙasashe masu zafi ne, sun fi son digiri 24 zuwa 28. Haɗa su wuri ɗaya tamkar a tilasta wa ɗaya daga cikinsu zama cikin wahala ne har ƙarshen ransa. A nan malamin ya lura da wani abu da littattafan, waɗanda aka rubuta don mutanen Turai, ba su damu da shi ba. Su damuwarsu yadda za a ɗumama ruwa, shi kuwa damuwarsa yadda ruwa zai kasance a watan Afrilu, lokacin da ko randa sai an nema mata inuwa. Ruwa in ya yi ɗumi iskar oksijin da ke cikinsa raguwa take yi. A digiri 20 lita ɗaya takan riƙe kimanin miligiram 9, amma a digiri 30 abin ba ya wuce 7 da rabi. Wannan ne ya sa ya cire kifin zinariya daga lissafi. Haka ma ƙananan nan masu ratsin shuɗi da ja, wato tetira 'yan yankin kogin Amazon, waɗanda zafi mai tsanani kan galabaitar da su.

Tambaya ta biyu, yaya girmansa zai kai? Abin da ake gani a shago kusan duk jarirai ne. Kifin zinariyar da bai fi ɗan yatsa ba yakan kai santimita 20 ko ya wuce, yana kuma iya rayuwa fiye da shekara goma. Oska, wanda ake sayarwa ɗan ƙarami mai ban sha'awa, yakan kai santimita 30. Haka shi ma fileko, mai manne bakinsa a jikin gilashi, wanda ake yaudarar sabon shiga da cewa shi ne mai share akwati, yakan girma har ya rasa wurin juyawa. Ƙa'idar da malamar ta ba shi mai sauƙi ce, kuma ta yi daidai da labarin tarwaɗar maƙwabcinsa: duk kifin da zai iya shiga bakin wani, to, ran nan zai shiga. Ko anjal, mai faɗin jiki da tafiyar ƙasaita, idan ya girma yakan haɗiye ƙananan tetira. Ba mugunta ba ce, halittarsa ke nan.

Tambaya ta uku, mene ne halinsa? A nan ne gizo ke saƙa, domin jan kifin nan mai wutsiya kamar mayafi, wanda ya fi kowane tafiya da hankalin yarinyar, shi ne ake kira beta ko kifin faɗa. Asalinsa ƙasar Tailan, wadda a da ake kira Siyam, inda aka daɗe ana kiwonsa don a haɗa shi faɗa kamar zakaru, kuma a shekarar 2019 ƙasar ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Ba don ado aka ware shi a kwalba ba. Maza biyu ba sa zama wuri ɗaya sai ɗaya ya illata ɗaya, kuma sau da yawa idan ya ga wani kifi mai launi da doguwar wutsiya yakan ɗauke shi abokin gaba ya far masa. Su kuwa masu baƙin zanen nan da ke ta tsere, wato bab 'yan asalin tsibiran Indunusiya, sun shahara da tsinken wutsiyar duk wani mai tafiya a hankali. Ashe da an bi zaɓin yarinya, da beta ya kori wasu, bab sun yayyage masa mayafi, kifin zinariya kuma ya haɗiye abin da ya samu. Hali zanen dutse ne, ba a kankare shi da fatan alheri.

Tambaya ta huɗu, shi kaɗai yake zama ko a cikin jama'a? Sabon shiga yakan so ya ɗauki ɗaya daga kowane iri domin akwatinsa ya cika da launuka. Alhali kuwa akwai kifayen da ba su da kwanciyar hankali sai a cikin 'yan'uwansu, aƙalla shida. Idan aka ware ɗaya shi kaɗai sai ya shiga ɓuya, launinsa ya dushe, ya daina cin abinci, cuta ta same shi. Don haka iri biyu masu yawa sun fi iri goma ɗaiɗai kyau da lafiya.

Tambaya ta biyar, a wace unguwa yake zama, kuma me yake ci? Wannan ita ce maganar tsohon masunci. Idan duk mazauna akwati na ƙasa ne, za su yi ta gogayya a kan yashi alhali sama na nan wayam. Idan aka haɗa mai saurin cafke abinci da mai nawa, ɗaya zai ƙoshi ɗaya ya rame, mai gida bai sani ba.

Akwai wani zaɓi da ya fi ba malamin wahala, domin a wannan karon shi ne ransa ya biya, ba yarinyar ba. A cikin karatunsa ya gano cewa Nijeriya ma tana da kifayen ado da ake ji da su a duniya. Akwai kiribensis, ɗan asalin kudancin Nijeriya da Kamaru, wanda macensa cikinta kan yi ja kamar an shafa mata lalle. Akwai kuma mai haɓar giwa da ake samu a kogin Kwara, wanda ke fitar da 'yar wutar lantarki marar ƙarfi yana lalube da ita a cikin duhu. Ya yi sha'awar a ce akwatinsa na 'yan gida ne. Amma da ya yi musu tambayoyin nan biyar, sai ya ga mai haɓar giwa yana bukatar babban wuri da duhu da abinci mai rai, ba na sabon shiga ba ne. Kiribensis kuwa, ko da yake mai juriya ne, idan ya tashi yin ƙwai yakan kama wani kogo a ƙasan akwati ya hana kowa raɓar wurin. Sai ya haƙura, ya ce ma'aunin da ya auna son 'yarsa da shi, da shi zai auna nasa.

Bayan wannan tankaɗe da rairaya, iri biyu suka rage. Na farko shi ne gufi, ɗan ƙaramin kifi daga arewacin Amurka ta Kudu da tsibiran da ke kusa. Ya samo sunansa daga Robert Lechmere Guppy, wanda ya aika da samfurinsa daga Tirinidad zuwa Landan, aka raɗa masa sunan a shekarar 1866. Namijinsa bai fi santimita 3 ba, amma yana da launuka iri-iri da wutsiya mai faɗi, macen kuma ta ɗan fi shi girma. Yana jure ɗumi, ba ya faɗa, yana yawo a sama da tsakiya. Na biyu shi ne koridoras, wani ɗan mitsitsin dangin tarwaɗa mai gajeren gashin baki, wanda bai gaji halin 'yar'uwarsa ba. A ƙasa yake kiwo cikin ayari, yana tsintar abin da ya nutse, kuma lokaci-lokaci yakan yi tsalle zuwa saman ruwa ya haɗiyi iska, abin da ke taimaka masa idan oksijin ya yi ƙaranci. Ga na sama, ga na ƙasa, babu mai shiga gonar wani.

Sai maganar yawa. Akwatin da ya saya tsawonsa santimita 80 ne, faɗinsa 35, zurfinsa 40, wato yana cin lita 112 idan an cika shi fal. Malamar ta shawarce shi da ya tsaya a kan gufi tara, maza uku da mata shida, domin idan maza suka yi yawa sukan hana mata sakat, sa'an nan koridoras shida. Akwatin zai iya ɗaukar fiye da haka, amma ta tunatar da shi cewa idan aka ɗauke wuta matata da na'urar iska tsayawa suke yi, kuma akwatin da ya cika maƙil shi ke fara yin asara. Don haka ya ƙara da 'yar na'urar iska mai aiki da batir, ya dasa tsirran ruwa, ya kuma ajiye akwatin nesa da taga inda rana ba ta dukansa.

Duk da haka ba a kawo kifi nan take ba. Kifi yana fitar da guba mai suna amoniya ta numfashinsa da kashinsa. A kogi ruwa kan tafi da ita, amma a akwati sai dai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani, waɗanda ke zama a jikin soson matata, su mayar da ita naitirait, wadda ita ma guba ce, sa'an nan su mayar da wannan naitiret mai sauƙin illa. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yi yawan da za su iya aikin, akan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Wanda ya zuba kifi a sabon akwati rana ɗaya yakan wayi gari yana kwasar gawa, ya ɗora laifin a kan mai shago. Malamar ta yanko masa ɓangaren tsohon soson matatarta don abin ya yi sauri, ta kuma gargaɗe shi a kan ruwan famfo, domin sinadarin kilorin da ake zuba masa yana kashe kifi da bakteriyar gaba ɗaya, sai an sa masa maganin da ke kawar da shi.

Wata guda cur akwati yana zaune da ruwa da yashi da ganye, babu kifi ko ɗaya. Baƙi suka riƙa tambaya cikin zolaya ko kifin Malam na aljanu ne. Malamin ya mayar da jiran ya zama aikin yarinya. Ita ce mai barbaɗa ɗan abinci kullum domin bakteriya su sami abin ci, ita ce mai duba ma'aunin zafi safe da yamma ta rubuta a littafi. Ranar da awo ya nuna ruwa ya gyaru, suka koma shago. Ta tsaya a gaban jan kifin nan ta daɗe tana kallonsa, sa'an nan ta juya ta ce wa mai shago, “Yaya, wannan ba ya zama da gufi. Ka kama mana waɗancan.” Gufi shida suka fara ɗauka. Da suka isa gida aka ajiye ledar a saman ruwa na minti ashirin domin ɗumin ya daidaita kafin a sake su. Bayan mako biyu aka ƙaro sauran, bayan wasu biyun kuma koridoras suka iso. Sauri ya haifi nawa.

Tun daga nan aikin ya zama na yau da kullum: abinci gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu, da canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako. Ba a rufa wata biyu ba sai ga 'yan jarirai a cikin ganye, domin gufi ba ƙwai take sakawa ba, haihuwa take yi kusan kowane wata. Waɗanda suka sami maɓoya suka tsira, suka girma. Da suka fara yawa, malamin bai yarda a zuba su a kududdufi ko rafi ba, saboda baƙon kifi in ya shiga ruwan da ba nasa ba yakan takura wa 'yan gida. Sai ya kai su makaranta aka buɗe ƙaramin akwati a kusurwar kimiyya, inda yara suka ga da idonsu yadda gufi ke cinye 'ya'yan sauro.

Haƙiƙa abin da malamin ya ƙaru da shi ya wuce sanin kifi. Yana da yara fiye da sittin a ajinsa, kuma shekara da shekaru bisa tsawo kawai yake zaunar da su, gajere a gaba, dogo a baya. Da aka koma hutu sai ya tsinci kansa yana yi wa benci irin tambayoyin da ya yi wa akwati. Wane ne ke danne na kusa da shi har ya hana shi magana? Wace ce ba ta buɗe baki sai tana tare da ƙawayenta? Wane ne mai cafke kowace tambaya kafin mai nawa ya gama tunani? Ya san yaro ba kifi ba ne, domin shi yaro ana tarbiyyarsa ya canza, kuma koya masa zama da wanda ba irinsa ba yana cikin aikin makaranta. Amma ta fuska ɗaya sun yi kama. Yaron da aka zaunar a aji bai zaɓi maƙwabcinsa ba, ba shi da ikon tashi, kuma galibi ba ya kai ƙara, sai dai a ga ya yi shiru, makinsa yana raguwa. Wanda ya tsara zaman shi ke da alhakin lura, kuma tun kafin a zauna ya kamata ya yi ta, ba bayan an fara ƙirga waɗanda suka ɓace ba.